Masaukin da Kokilaben ta zaɓa

Duk unguwarsu a birnin Surat na Indiya an san Kokilaben ba ta yarda da kowa. Mai kawo madara sai ya tsaya ta ɗiga a farce ta ga ko an sirka da ruwa. Mai kawo tukunyar gas sai ta jijjiga ta a gabansa tana kallon idonsa. Ba a banza ta zama haka ba. Mijinta mai goge lu'ulu'u ne, mutumin kirki har ya yi yawa, abokin sana'arsa ya yashe shi tas, baƙin ciki ya ƙarasa shi. Da ɗinkin ƙyalli a bakin sari ta raini ɗanta guda, Paresh, har ya zama mai haɗa magani.

Yanzu abu ɗaya ke hana ta sakewa, wato jikarta Dhruvi. Layin nasu ya koma na tsofaffi, 'ya'ya duk sun ƙetare teku, jikoki sai dai a gan su a waya suna ɗaga hannu. Kokilaben ta sha tambayar Paresh ko shi ma yana da wannan niyya, shi kuma kullum sai ya yi dariya ya kawo wata maganar.

Ana saura kaɗan hutun bikin Diwali, wata safiya surukarta Rinkal ta zauna kusa da ita da waya a hannu.

"Mami, za mu kai Dhruvi wurin wasan nan na hanyar garin Pune, mai lilo da jirgin da ke kifa mutum. Da ke za mu. Ke ma za ki zaɓa mana masauki."

Kokilaben ta ajiye tsintar shinkafar da take yi. Paresh da ke matse man goge baki har sai kwalin ya nemi agaji, shi ne zai kai mutum huɗu shaƙatawa? Rinkal kuma da ko labule ba ta taɓa neman shawararta a kai ba?

"Wa ya mutu ya bar muku gado?"

"Kai, Mami. Hutu ne kawai."

"Mu gani."

Masauki na farko yana cikin wurin wasan, taga na kallon lilon, ga tafkin wanka shuɗi shar. Dhruvi ta maƙale a kafaɗarta tana cewa, "Kaka, wannan, don Allah wannan." Kokilaben ta ja hoton da yatsu biyu har sai da ta hango teburin karin kumallo.

"Mene ne wancan fari da rawaya?"

"Ƙwai ne, amma ai ba dole..."

"Cire shi."

Gidansu mabiya addinin Jain ne, ba nama, ba ƙwai, ba albasa ko dankali ko wani abin da aka tono daga ƙasa, ita kuma in rana ta faɗi ko ruwa ba ta sha. Rinkal kan yi wa wannan doka hawan ƙawara in sun fita, Kokilaben ta sha jin warin tafarnuwa a gyalenta ta yi shiru.

Na biyu ya rubuta cewa yana da madafa ta musamman don Jain. Kokilaben ta sa aka kira su, ta karɓi wayar da kanta.

"Ɗana, da wane mai kuke soya gurasar furi?"

"Mai kyau, Anti, sabo fil."

"Ban tambaye ka kyansa ba. Wanda kuka soya dankali da shi ne?"

"A'a, kasko daban."

"Ludayin fa?"

Mutumin ya fara inda-inda.

"Ka ji shi ko," ta ce wa Paresh, wanda ya shigo yana ɗaura agogo. "Kasko biyu, ludayi ɗaya. Kai mai waya, abincin dare ƙarfe nawa? Bayan duhu? To ku ci abinku."

Ta miƙa wayar ta gyara zama, tana jiran abin da ta saba. Nan ne Rinkal ke hura hanci ta shige ɗaki, Paresh ya ce, "Mami, duniya fa ta canza." Amma Rinkal sai ta ce bari ta nemo wani, Paresh kuma ya ce in ta kama ma zai hau jirgin ƙasa ran Lahadi ya je ya leƙa madafar da idonsa. Kokilaben ta zuba musu ido. Madarar da aka sirka tana gane ta, kirkin da ya yi yawa ma haka.

Kwana biyu tana watsar da masaukai, wannan zanin gadonsa ya yi fari da yawa, ba mamaki ɓoye wani abu suke yi, wancan mai gadinsa ya cika murmushi. Ba wanda ya tanka mata. Ranar Lahadi bayan sun ci abincin rana sai ta ɗana musu tarko.

"Na samo mana wuri. Akwai masaukin masu ziyara a jikin wurin ibadarmu da ke kan tudu. Tabarma a ƙasa, ruwan sanyi a bokiti, a rufe ƙofa da faɗuwar rana. Da ɗan nisa da wurin wasan, amma akwai bas."

Ta san yadda Rinkal ta tsani wurin. Sau ɗaya suka taɓa kwana can, ta yi wata guda tana mitar ciwon baya da sauro.

Rinkal ta kalli mijinta, ta sunkuyar da kai. "To, Mami. Duk yadda kika ce."

Kokilaben ta ture farantin gabanta. Ta so ƙwarai a yi mata gardama, ko da da rashin kunya ne. Ta aiki Dhruvi maƙwabta ta karɓo mata zare, ta jira har ƙarar takalmin yarinyar ta ɓace a matakala.

"Wace ƙasa ce?"

"Mami..."

"Paresh, ni na haife ka. Wace ƙasa?"

"Kanada." Muryarsa ta shige ciki. "Takardun sun fito. Bayan sanyi za mu tashi. Mun so mu faɗa miki a can, hankali kwance. Da mun zauna za mu nema miki..."

"Haka ɗan maƙwabciyarmu Sarlaben ya ce wa uwarsa. Tana nan tana shanya barkono a baranda."

Rinkal ta fara share hawaye da bakin gyale. Kokilaben ba ta yi kuka ba, baƙin ciki ne kawai ya cika ta, har da haushin kanta, don wannan karon ta so a ce zarginta ƙarya ne.

"Miƙo wayar. Ina na farkon nan, wanda yarinyar ke so?"

"Mai ƙwan, Mami?"

"Ina da hannu, zan yi guzurina. Ku kama ɗaki biyu. Dhruvi a ɗakina za ta kwana, gado ɗaya, kuma kar wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da safe."

Paresh ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya miƙa hannu zai taɓa ƙafafunta kamar yadda ɗa ke yi in zai yi tafiya yana neman albarka. Ta janye su ta cusa ƙarƙashin sari.

"Tashi," ta ce. "Ba yau za ka tafi ba."