Mai Sayen Citta da Ba Ya Tare Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah Mai raba arziki tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa.

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Malam Iliyasu, mai sayen citta a Kafanchan. A zaure ɗaya muka yi karatun fiƙihu; ni na zauna koyarwa, shi kuwa ya ɗauki babin ciniki ya tafi da shi kasuwa.

A zamaninsa 'yan kasuwa kan fita hanyar Kachia su tare manoma, su saye buhunansu tun ba su ji farashin ranar ba. Malam bai taɓa yi ba, domin shari'a ta hana tare mai kaya kafin ya iso kasuwa. Yakan zauna a rumfarsa, ya faɗa wa manomi yadda farashi ya kwana, sannan a yi ciniki.

Yau ba mai tsayawa a bakin hanya. A ƙasashen ƙetare ake yanka farashi, ya biyo dala, ya faɗo wayar ɗan kasuwa tun manomi yana gona. Nakan tambayi kaina ko me Malam zai kira wannan.

A kakar bara ɗansa Habibu ya zo wurina. Masu fitar da kaya waje sun sanar da shi citta ta tashi, ƙauyuka ba su ji ba, abokansa kuma har sun tura motoci. In ya faɗi gaskiya ribar shekara ta kuɓuce masa, ga kasuwarsa tana tangal-tangal.

"Baba, ai ni ban tare kowa ba. Saƙo ne ya same ni."

Na ce masa hukuncin bai rataya a kan kwalta ba, a kan rashin sanin mai kaya ya rataya. Ban ƙara ba, tunda ba ni ke ciyar da iyalinsa ba.

Daga baya Bitrus, wani manomi daga Godogodo, ya ba ni labarin cewa Habibu ya kira shi ya faɗa masa sabon farashi. "Na ce masa, yaro, kanka ɗaya kuwa? Kai ne mai saye fa!" Kafin rana ta faɗi duk unguwarsu ta ji sabon farashin.

Ribar Habibu ta zo kaɗan, har ya saki ɗaya daga rumfunansa biyu. Yana nan yana saye a ɗayar.

Dukiyar Malam an raba ta tuntuni, ta ƙare. Abin da ya rage shi ne ɗan da labari ya iso wa shi kaɗai, ya kasa haɗiye shi.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsarkake abin da ke shiga tukunyar gidanka, Ya yi wa iyalanka albarka.