Tarun Dakta Mika'ilu

Ƙafarsa ta dama tana cikin daron ruwan gishiri, ta hagu tana jiran layi, sai Mika'ilu ya ji sallama a bayan danga. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ya shiga wurin kifinsa sai ya tsoma ƙafafunsa a daron nan. Mutanen ƙauye suna kiran abin alwalar tarwaɗa.

Ɗan wani ƙauye ne a gabashin Ɗambatta, inda gona take goga kafaɗa da gona. Ya karanci cututtukan kifi har aka kira shi Dakta, ya yi aiki a wata cibiyar ƙyanƙyasar kifi, da ta mutu ya dawo gida da tarwaɗa arba'in a cikin duro. Daga zuriya zuwa zuriya yake zaɓen masu jure ruwa mai zafi da ƙarancin abinci. Yanzu iyaye tamanin gare shi, kuma kowane ɗan kifi a ƙauyen jikansu ne.

Sai shekarun tsanani suka zo. Abincin kifi ya fi gero tsada, fetur ya gagari injin ban ruwa, ruwa ya tsufa a tafkuna har ya yi kore. Cuta ta shigo, gyambo a jikin kifi kamar an ɗora masa garwashi. Mika'ilu ya bi sawunta, ya tarar a jikin taru take yawo, babbar ragar jan kifi da ake ara gida gida. Tafki bakwai ta cinye kafin tarun nan ya yayyage. Saura taru ɗaya a ƙauyen, nasa, da tafki ɗaya mai lafiya, nasa.

Mai sallamar Kawu Nababa ne, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Mika'ilu ya yi sauri ya tare shi kafin ya taka ƙofar danga, ya ja shi zuwa zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Likitan tarwaɗa, na katse maka alwala ko?" in ji Kawu, ba dariya a fuskarsa. "Kifina sun fara juya ciki sama. Sittin na kwashe da asuba. In na ja sauran yau, na ƙyafe masu lafiyar, yara su ci tuwo har kaka. Taru na zo ara."

"Kawu, tarun da ya shiga ruwanka..."

"Ka wanke shi da gishirinka mana. Ba aikinka ke nan ba?"

"Gishiri yana kashe da yawa. Ba na rantsuwa yana kashe duka. Ƙulli dubu ne a jikinsa, ɗaya ya isa."

Kawu ya gyara zama. "A garin nan ko makara ara ake yi. Ban taɓa jin wanda ya hana maƙwabci galma ba, balle ɗa ya hana uba. Na tashi na gaya wa mutane haka?"

Mika'ilu yana jin motsin iyayen kifin daga nesa, suna mari ruwa da wutsiya. In tarun ya dawo, zai iya dawowa da ajalinsu, kuma babu inda ƙauyen zai sake samun iri. In bai dawo ba, sayen sabo ya fi ƙarfinsa bana. Da hannu zai riƙa lalubar uwa mai ƙwai a cikin laka, tana sukarsa da ƙaya.

"Zan ba ka, Kawu. Amma ba aro ba. Ya zauna a wurinka har abada. Kada ya sake ƙetare dangata."

Fuskar tsohon ta sauya. "Wato abin da hannuna ya taɓa ya zama najasa? Ni ba sadaka na zo nema ba, Mika'ilu. Wanda ya ara yakan mayar, mutuncinsa ke nan."

"Na sani, Kawu."

"In na mayar fa?"

"Zan ƙone shi a ƙofar gida, kowa yana gani."

Sun daɗe suna duban juna. Rana tana ɗagawa, kifin Kawu suna mutuwa a can.

"Ɗauko," in ji Kawu, ya kawar da kai zuwa bango.

Mika'ilu ya miƙe, ya sunkuya a ƙaramar ƙofar zauren, ya fita ɗauko tarun.