Otal a Garin da Gwaggo Take

Da asuba muka baro Makka, ni da 'yata, bayan mun kammala umara, muka nufi birnin Manzon Allah. Hanya sumul, baƙaƙen duwatsu hagu da dama. A wani zango muka sha shayi mai na'ana'a, ga araha, sai dai sukarinsa ya isa a jiƙa garin mutum uku.

Aikina a Amurka koyar da nazarin al'adu. Nakan sa ɗalibaina su dubi rayuwar ƙasarsu da idon baƙo: cin abinci a mota, kai tsofaffi gidan reno. Ni kuwa Bahaushiya ce, a ganina abin bai shafe ni ba.

Muna wuce Bi'ir Ali, dab da shiga birnin, cikin cunkoson motocin alhazai, na buga wa gwaggona waya. Tun tana budurwa ta zo hajji ta zauna, yanzu tana unguwar Al-Ranuna a birnin. Na ce mun kama otal, yaushe ya dace mu zo gaisuwa?

Ta ce, "Otal, ina raye? La haula! Gidan ƙanwar ubanki sai kin nemi izini?"

Muka je. Aka kawo shinkafa da naman rago a babban faranti, ga tuwo miyar kuka dominmu. 'Yata ta raɗa mini ko za a zuba mata nata daban. Ni ma na kama kaina ina satar kallon agogo. Jikokin Gwaggo ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, 'yata kuwa sai na fassara mata. Jini ɗaya, tabarma ɗaya, amma murmushi kaɗai ke tsakaninsu.

Ranar da za mu tafi Gwaggo ta riƙe hannuna. "Ciwon nan ba zai bar ni ba, habibti. Ki ƙara kwanaki."

"Gwaggo, hutuna ya ƙare, aiki na jira." Ko gargada ban yi ba.

Ta sake ni. "To, Allah ya kai ku lafiya."

Mun iso gida lafiya. Ba a jima ba aka bugo, ina aji, aka bar saƙo a na'urar waya cewa Gwaggo ta rasu, an kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Tafiyar nan ta nuna mini na zama Ba'amurkiya, ban san yaushe ba, ban kuma ga hanyar komawa ba. Na shimfiɗa darduma a falo na yi zaman makoki. Ba wanda ya shigo, don ban gayyaci kowa ba.