Suman Juwairiyya a Bakin Turmi

Juwairiyya mai ƙuli-ƙuli ce a wani ƙauye kusa da Bagwai, mace mai jiki a murɗe wadda ba ta san zaman banza ba. Gyaɗar da mijinta Tahir ya noma ita ke ɓarewa, ita ke soyawa, ita ke matse mai.

Wata rana da hantsi tana tsakiyar daka sai ƙirjinta ya ɗaure. Ba ta ƙara sanin inda take ba sai da ta farka ana yayyafa mata ruwa. Surukarta ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. A ƙaramin asibitin da Tahir ya kai ta kuma ma'aikacin ya ce yunwa ce da zafi, ta je ta sha kunu ta kwanta.

Juwairiyya ta ƙi tashi daga kan benci. "Malam, na san suman zafi," in ji ta. "Na taɓa yi a gidan biki, sai da na ji jiri na yi gumi kafin na faɗi. Wannan ina cikin aiki ya yanke ni. Haka yayana Zaharaddini ya faɗi a gona da garma a hannu, bai tashi ba."

Tahir ya yi ta lallashinta su tafi gida, ta ce ko ƙafa ba za ta ɗaga ba sai an ba ta takardar ganin likita. Aka ba ta.

Likitan da suka gani a Kano ya kasa kunne a ƙirjinta, ya auna bugun zuciyar, ya ce ba kowane mai suma ake yi wa hoton zuciya ba, amma wanda ya faɗi cikin aikin ƙarfi, ga ɗan'uwa ya mutu farat ɗaya, dole a duba shi. Aka shafa mata wani mai sanyi, aka ɗora na'ura. Hoton ya nuna naman zuciyarta ya yi kauri. Likitan ya ce ciwon yana bin jini, ya kamata a duba 'yan'uwanta. Aka ɗora ta a kan magani, aka hana ta daka da ɗaukar kaya.

A gida aka ce to sai ta bar sana'a. Ta ce injin niƙa yana nan, kuma tuya a zaune ake yi. Sati na zagayowa ta tasa ƙanwarta Ramlat a gaba, ƙanwar tana ta ƙorafin lafiyarta ƙalau, suka hau motar Kano don a duba ta ita ma.