Kunun Ambili a Ƙarƙashin Kyamara

Ƙanwata Ambili tun tana tsumman goyo take zuwa zanga-zanga. Babarmu igiyar ɓawon kwakwa take murzawa a nan garinmu Alappuzha, in ma'aikata suka fita yajin aiki sai ta ɗora ta a kafaɗa, ni ina biye da jar tuta. Da ta girma ita ma igiyar ta kama, kuma in an fita titi muryarta ake fara ji. Katin jam'iyya kuwa ta fi ji da shi a kan sarƙar aurenta.

Da gwamnati, wadda ta jam'iyyarmu ce, ta kafa kyamarar kama masu laifin tuƙi a bakin gada, Ambili ce ta fara tafi. Ta ce wannan ba ta cin hanci, ba ta san ɗan wane ba. To sai ga shi kyamarar ta kama su, ita da mijinta Sasi da 'yarsu ƙarama a tsakiya. Wai mutum uku a babur laifi ne. Tara ta zo. Duk gidan da ba mota a unguwarmu haka aka yi musu.

Ambili ta ce za ta yi zanga-zanga. Sakataren reshen jam'iyya na unguwarmu, Kwamared Divakaran, ya zo har gida.

"Kwamared, 'yan adawa za ki yi wa aiki. In kika fita, katinki za a karɓe."

"Mai mota ya loda 'ya'ya biyar ya wuce, tawa ɗaya tal ce laifi? In bar ta gida kaji su yi min reno?"

Washegari ta zo shagon shayina. "Cetta," haka take kirana, yaya ke nan, "ara min babbar tukunyar nan."

A wurinmu in talaka ya dama kunun shinkafa a bakin titi, kowa ya gane an taɓa masa abinci. Ta hura wuta daidai ƙarƙashin kyamarar, mata suka taru da yara. Can sai ga 'yan adawa da tutocinsu, baki har kunne. Ta nuna su da ludayi.

"Kunu na kowa ne, amma ku naɗe tsummokaran nan. Ni ba kyamara nake so a cire ba, yaro nake so a daina ƙirgawa."

Suka naɗe, suka sha. Ana cikin haka Divakaran ya iso a ƙafa, fuska a murtuke, matarsa tana biye riƙe da jikansu. Kafin ya buɗe baki matar ta riga shi.

"Ku tambaye shi me ya sa muka tako! Can bayan gada ya ɓoye babur, shi ma tarar ta ishe shi."

Wayyo dariya! Har na zauna a ƙasa. Ambili ta miƙa masa kwano. "Sha, kwamared, ka sha tafiya."

Jiya reshe ya zauna a kan maganar katinta. Aka ce masu son a karɓe su ɗaga hannu, kowa ya tsura wa silin ido. Ba su bar ta da katin kawai ba, ita suka zaɓa ta kai kukan masu babur taron gunduma. Yau duk wanda ya shigo shagona shayi kyauta ne, har 'yan adawa.