Mita Mai Jan Ido a Gidan Hajiya Dudu

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tura ni gidan Hajiya Dudu ba, a wani lungu bayan Titin Bauchi. Lokacin mita mai kati ba ta daɗe da shigowa Jos ba. Ina gama makarantar yaƙi da jahilci ofishin wuta ya ɗauke mu, mu mata, aikin gwaji. Maza ke kafa mita, amma iyakarsu zaure. Mu ke shiga ciki mu yi wa matan gida bayani.

Da safe oga ya kira ni. Ya ce, "Maman Habiba, Hajiya ta aiko a cire mata mita. In aka cire tata, duk layin sai an cire, ku ma aikinku ya ƙare ke nan." Ga taransifomar unguwar kullum da sanyin safiya sai ta buga, don kowa lokaci ɗaya yake jona hita.

Na yi sallama, na tarar mitar tana jikin bangon zaure ta wajen tsakar gida, an ɗaure ta da tsohon zane. Na gaida Hajiya, na tambayi dalili a hankali.

Ta ce, "Ido ne, 'yar nan! Ja wur, yana ƙifta mana. Kuna zaune a ofis kuna kallon surukaina ba ɗankwali!"

Na kwance zanen, na ce, "Hajiya, ba ta ganin mutum, wuta kawai take ji. In an ja da yawa ta ƙifta da sauri, in an rage ta lafa. A kashe komai mu gani."

Sai gida ya hargitse. Rabi, babbar surukarta, ta zare dutsen guga. Asabe, ƙaramar, ta ruga ta kashe firij, takalmi ɗaya a ƙafa. Wannan na kiran, "Ta lafa?" waccan na amsa, "Ina! Rawa ma take!" Aka kashe komai, jar fitilar mitar tana ta ƙifce-ƙifcenta.

Hajiya ta tafa hannu. "Kin gani? Ido ne!"

Na fara tunanin abin da zan gaya wa oga. Can, da gidan ya yi tsit, sai muka ji tsiyau-tsiyau daga ɗakin Hajiya. Rabi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na nemi izini, muka leƙa. Ga kwali cike da 'yan tsaki a gefen gado, ga hita ta yi jawur tana gasa musu ɗumi.

"Marayu ne!" in ji Hajiya. "Sanyin Jos ya san maraya?"

Asabe ta zare hitar, fitila ta lafa nan take. Rabi ta rangaɗa guɗa, ni kaina sai da na zauna a kan turmi don dariya. Hajiya ta ce, "Ashe ba kallo take ba, tsegumi take. Mayar, in ƙara gani!"

A nan muka raba lokacin jona wuta don kada taransifoma ta riƙa bugawa: tsaki da safe, guga da rana, ruwan wanka bi da bi. Kafin azahar ta tara matan layin tana zare hita tana jonawa a gabansu, ita ce malama.

Ku da kuka zo bayanmu, kada ku yi musu da mai tsoron na'ura. Ku ba shi ya zare da hannunsa, ku koma gefe ku yi shiru.