Jiƙon Zumar Goggo Rabi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Rabi, yayar mahaifina, wadda ta raine ni a gidanta na unguwar Ranuna, nan ƙasa mai tsarki. Zazzaɓi ɗaya ya kwantar da mu a ɗaki ɗaya. Ni na tashi, ita aka fita da ita. Har yau in na ji jiniyar motar asibiti ta wajen Kuba, sai na nemi bango na jingina. Tun daga ciwon nan kuma hancina bai ƙara jin ƙamshi ba, harshena ma sai a hankali.

Duk wanda ya san Goggo ya san jiƙonta. Maƙwabta suna ce masa sobiya, ita kuwa ta ce sobiya ta kasuwa ce. Sha'ir take soyawa har ya yi duhu, ta jiƙa a tulu da citta da kanumfari, ta kwarara zumar magarya da wani manomin dabino ke kawo mata daga Badar. Sai ta rufe da farin ƙyalle. Washegari da hantsi ta kira ni, ta zuba mini ɗan kaɗan a finjali.

"Kar ki haɗiye, ya binti. Riƙe shi a baki, ki yi shiru."

Zaƙin zuma ne ke fara sallama, mai nauyi, kamar an shimfiɗa wa harshe bargo. Sai ɗacin sha'ir ya biyo da ƙaurinsa. Can ƙarshe ƙamshin furen magarya ya taso ta hanci, ki ga kamar kina tsaye a wani kwari da ba ki taɓa zuwa ba, ƙudan zuma suna ta shawagi.

Amma ba don daɗi kawai take ɗanɗanawa ba. Jiƙo yana da iyaka. Da ya fara kumfa, ya fara cizon harshe, ya kama hanyar abin da Allah ya hana. Sau biyu na ga ta ɗauki tulu guda ta juye a gindin dabinon tsakar gida, don kawai ta yi shakka. Ko kallon zumar ba ta ƙara yi ba.

Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga yau. Jikokinta a waya suke sayen abin sha, a kawo shi a roba da ranar lalacewa a jiki. In na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Duk da haka kowane azumi sai sun tambaye ni jiƙon Goggo, ni kuma in kawo dalili. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Yaya zan shayar da masu azumi abin da ban san ko ya ƙetare iyaka ba?

A makon jiya dai, tun azumi bai zo ba, na jiƙa. Na zuba a kwalba, na kai wa Hajja Asabe a Bi'ir Ali, ƙawar Goggo tun ƙuruciya. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta daɗe har na ɗauka ta manta da ni. Sannan ta ce na cika citta, kamar dai Goggo, wadda ba ta taɓa jin magana a kan citta ba.

"Lafiyarsa ƙalau. Ku shanye kafin la'asar. Duk ranar da kika jiƙa, ki kawo mini, harshena bai mutu ba tukuna."

Na gane cewa abin da Goggo ta bar mini ba harshe ba ne. Ta bar mini ƙin shayar da mutane abin da nake shakka, ta kuma bar mutanen da zan tambaya. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita abin da ya fi nata.

A tsakar gidan Hajja na sha nawa finjalin. Furen magarya bai zo ba. Amma cittar ta sauka ƙirjina da ɗuminta, ta zauna, ni ma na zauna har ta huce.